Sakin da Babu Takarda: Nazarin Lamarin Wata Uwa a Agege

Lamarin da za a bayyana a nan ya shafi wata baiwar Allah haifaffiyar Agege, mai 'ya'ya uku, wadda aurenta na shekara 11 ya mutu ta saƙon murya a waya, sannan ta shafe kusan shekara guda tana neman wanda zai tabbatar mata da matsayinta, ya dawo mata da ɗanta, ya kuma sa uban yaran ya ɗauki nauyinsu. An sakaya sunanta da na mijin da na duk wanda ya sa baki a maganar, domin sirrin iyali ne, kuma akwai yara a ciki. Na bi lamarin ne a matsayina na ɗaya daga cikin matan kwamitin wata Islamiyya da ke raka mata irin waɗannan wurare, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla, saboda ya tattaro matsalar da Bahaushiya Musulma ke cin karo da ita idan aurenta ya mutu a Legas. Haƙƙinta a fili yake a littattafan fiƙihu, amma kotun gwamnati da za ta ƙwato mata shi da sunan shari'ar Musulunci babu ita a jihar, don haka dole ta nemi hukunci a wuri guda, ta nemi ƙarfin zartar da shi a wani wurin.

Asalin auren da yadda ya lalace

Mahaifin matar mutumin ƙasar Kano ne, cikin waɗanda fataucin goro ya kawo Agege, ya zauna, ya hayayyafa, ya kuma rasu a nan. Saboda haka baffanta, ƙanin mahaifinta, shi ne ya yi mata walicci. Mijin daga kudancin jihar Katsina ya fito, kuma dillancin albasa da tumatir yake yi a kasuwar Mile 12. An ɗaura auren kamar yadda ake ɗaura mafi yawan aurarrakinmu: wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, aka ambaci sadaki naira 50,000 lakadan, liman ya shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Shaidu sun cika layi, amma babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya, kuma ba a je rajistar aure ta Ikoyi ko ta ƙaramar hukuma ba.

Allah ya ba su namiji, wanda ke da shekara 9 lokacin da abin ya faru, da mace mai shekara 6, da ƙaramarsu mai wata 10 tana shan nono. Zaman ya fara tsami ne bayan mijin ya ƙara aure ya kama wa amarya gida a wajen Ketu, kusa da kasuwa. Rabon kwana ya fara tsallake, kuɗin cefane ya ragu, har ta koma riƙe gidan da cinikin kunun aya da zoɓo. Kafin wannan lokacin ta taɓa kwasar adashi naira 300,000 ta danƙa masa ya ƙara a jari, hannu da hannu, a cikin ɗaki, babu na uku.

Da mai gidan haya ya aiko da sanarwar ƙarin kuɗi, sai ta matsa wa mijin da kira. Da dare ya turo mata saƙon murya ta WhatsApp yana cewa, "Ki tattara kayanki ki tafi gidanku, na sawwaƙe miki." Tana kuka ta tura wa yayarta saƙon, ba don tanadin hujja ba, sai don neman wanda zai saurara tare da ita. Kafin gari ya waye mijin ya goge saƙon daga wayoyin biyu, amma kwafin da ke wayar yayar ya tsira, kuma a kansa ne duk shari'ar ta tsaya daga baya.

Washegari ta goya ƙaramar, ta ja hannun manyan, ta tafi ɗakin mahaifiyarta. Wannan ita ce al'adar da muka gada, kuma ita ce ta fara cutar da ita. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita da kanta, har idda ta cika. Da ta zauna, da haya da ciyarwa suna kan mijin a idon kowa. Da ta fita, sai ya mayar wa mai gida mabuɗi, ya sa yaransa na kasuwa suka kwashe kayan ɗakinta suka jibge a wani shago da rufinsa ke yoyo. Ba a jima ba aka yi hutun makaranta, ya ce babban yaron zai je ya gaida kakarsa ya yi Sallah a gida, ya haɗa shi da wani direba mai komawa Arewa. Aka koma makaranta yaro bai dawo ba.

Da baffan ya kira shi ya nemi takardar saki, amsar da ya bayar ita ce, "Baffa, ni ban sake ta ba, fushi ne kawai. In ita ce ba ta son zaman, to ta fanshi kanta." Fansar da ya yanka kuwa naira 800,000 ce, wai sadaki da lefe da hidimar biki, tare da sharaɗin ta bar masa yaran duka da zarar an yaye ƙaramar. Haka ta zauna wata da watanni, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Magana uku, ƙofa dabam-dabam

Ranar da yayarta ta kawo ta wurinmu, roƙonta ɗaya ne, a karɓo mata takardarta. Amma da aka warware zancen sai aka ga magana uku ce a dunƙule: shin akwai aure ko babu, wa ya cancanci riƙon yaran, kuma wa zai ciyar da su, da nawa. A Kano ko Katsina, alƙalin kotun shari'ar Musulunci ɗaya ne zai saurari duka ukun, ya aika sammaci, ya yanke hukunci, ya kuma tilasta bin sa. A Legas abin ba haka yake ba. Sashe na 275 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk jihar da ke bukata damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, sashe na 277 kuma ya sanya aure da rabuwarsa da riƙon yara da gado a ƙarƙashinta, amma Legas ba ta kafa ba duk da ɗimbin Musulmin da ke cikinta.

Babbar Kotun jiha tana raba aure a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, sai dai wannan doka auren rajista kaɗai ta sani, don haka ƙofar a rufe take ga matar da aka shafa wa fatiha. Kotunan gargajiya, waɗanda akwai su a Agege da sauran ƙananan hukumomi, suna raba auren da ba na rajista ba, kuma Musulmi da yawa kan je can. Amma al'ada suke bi, ba fiƙihu ba, kuma Kotun Ƙoli ta riga ta bayyana a shari'ar Alkamawa da Bello a 1998 cewa shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce, domin ba ta wata ƙabila ba ce. Ga mace irin wannan akwai abin da ya fi wannan muhimmanci: tana bukatar rabuwar da zuciyarta za ta natsu da ita, wadda limamin unguwa zai yarda ya ɗaura mata wani aure a kanta, kuma takardar kotun gargajiya ita kaɗai ba ta cika ba da wannan natsuwa a cikin al'ummarmu ba.

Akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa da Musulmin Legas suka kafa a 2002, wanda aka san shi da zama a masallacin Abesan da ke Ipaja da kuma masallacin rukunin gidaje na 1004 a Victoria Island. Yana sauraren ƙararrakin aure da saki da gado bisa shari'a, amma ba kotun gwamnati ba ne, ba shi da ikon kamo wanda ya ƙi zuwa, hukuncinsa kuma ya dogara ne ga yardar masu shari'ar da tsoron Allahnsu. Wasu dangin sun ce ta tafi Katsina ta shigar da ƙara a can. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 da goyo a baya, zuwa garin da ba ta san kowa ba sai dangin miji, alhali wanda za a yi ƙara yana zaune a Legas.

Ƙofar da mutanenmu suka fi jahilta ita ce Kotun Iyali. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Jihar Legas ta 2007, wadda ta biyo bayan ta tarayya ta 2003, ita ta samar da ita a matakin majistare da na Babbar Kotu. Wannan kotu ba ruwanta da irin auren da iyaye suka yi, na rajista ne ko na fatiha. Abin da take dubawa shi ne maslahar yaro, tana da ikon ba da riƙo, ta tsara ziyara, ta yanka kuɗin ciyarwa gwargwadon ƙarfin iyaye, kuma zamanta na sirri ne, ba a barin 'yan kallo. Ba za ta ce an yi saki ko ba a yi ba, amma biyu daga cikin maganganu ukun suna hannunta, tare da ƙarfin hukuma.

Saura batun lauya, wanda shi ne yake tsorata talaka tun kafin ya fita daga gida. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa ƙarfi kyauta, wanda aka fi sani da OPD, tun shekarar 2000, tana da ofisoshin sasanci a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, ga kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya da aka kafa a 1976, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi aka samu lauya mace, Bayarabiya Musulma, wadda ta karɓi lamarin ba tare da kuɗin aiki ba. Shawararta ta farko ita ce ta fi kowace amfani: kada a fara da kotu, a fara da malamai, domin duk abin da za a nema a gaban majistare ya zama malamai sun riga sun ce haƙƙinta ne.

Zaman malamai

An yi zaman a wani masallaci a Agege, da malamai uku, da baffan matar, da wan mijin, da wani dattijo daga shugabannin 'yan albasa na kasuwa, wanda a gaskiya shi ne dalilin da ya sa mijin ya halarta. Aka ɗora wayar yayar a kan darduma aka kunna saƙon sau biyu. Mijin bai musanta muryarsa ba, niyya ya musanta. Babban malamin ya bayyana cewa a mazhabar Malikiyya kalmar da ba ta fito fili ba, irin "ki tafi gidanku", ana komawa ga niyyar mai faɗarta, amma kalmar da al'adar mutane ta mayar ta saki ba a karɓar musun niyya a kanta. Ya juya ga wan mijin ya ce, "Alhaji, a garinku idan mutum ya ce wa matarsa ya sawwaƙe mata, me ake fahimta?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Saki ne, Malam." Fushin da mutum yake cikin hayyacinsa har ya danna waya ya yi magana ya tura, in ji malaman, ba ya hana saki aukuwa. Aka tabbatar da saki ɗaya.

A nan ne abin ya juya ta inda ba mu zata ba. Saki ɗaya na kome ne, miji yana da ikon mayar da matarsa muddin tana cikin idda, ko da ba ta so. Iddar mai haila tsarki uku ce, amma wannan matar tana shayarwa, al'adarta ba ta dawo ba, kuma a Malikiyya wadda shayarwa ta ɗauke wa haila tana jiran dawowarta ne, ko cikar shekara bayan yaye. Ke nan duk da watannin da suka wuce, iddarta ba ta cika ba. Da mijin ya fahimci haka, nan take a gaban jama'a ya ce ya mayar da ita. Bai tanadi ɗaki ba, bai kawo ko mudun shinkafa ba, manufarsa a bayyane take, wato ya riƙe igiyar har ta biya abin da ya yanka.

Malaman sun karanta masa aya ta 231 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana riƙe mata don a cutar da su, da aya ta 19 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana ƙuntata musu don a karɓe wani abu daga abin da aka ba su. Sun gaya masa cewa tun da ya ce matarsa ce, to ciyarwa da tufatarwa da muhallin duk watannin baya bashi ne a kansa. Sun kuma bayyana cewa a Malikiyya matar da aka tabbatar ana cutar da ita, ko aka daina ciyar da ita, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa mazhabar ta yarda jama'ar Musulmi adilai su tsaya a matsayin alƙali a inda babu shi, don haka suna iya raba auren a wannan zaman. Sauran biyun ba su musa masa ta fuskar ilimi ba, amma sun ji tsoron abin da zai biyo baya: mijin zai ci gaba da shela a kasuwa cewa matarsa ce, kuma babu namijin da zai kusanci macen da ake jayayya a kan igiyarta. Ni a ganina tsoron nasu yana kan hanya, kuma shi ne ainihin giɓin da rashin kotu ya bari. Hukuncin daidai ne, masu yanke shi sun cancanta, amma babu hatimin da zai rufe bakin mai gardama.

A kan yara kuwa malaman ba su yi wata-wata ba. Riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, idan uwa ta faɗi kuma mahaifiyarta ce ke biye, ba kakar wajen uba ba. Ciyarwa a kan uba take ko yaran suna hannun wa. Lauyar ta roƙi a rubuta wannan bayani da Hausa, malaman su sa hannu, kuma aka yi. Mijin ya tashi bai sa hannu ba, bai kuma yi alkawarin dawo da yaron ba.

A gaban Kotun Iyali

Shigar da ƙarar ya fi komai wahala ta fuskar dangi. Baffan da kansa ya fara turjewa, yana cewa, "Ke 'yar nan, a zuriyarmu ba a taɓa kai uban 'ya'ya kotu ba, balle kotun da ba ta Musulunci ba." Ba a raina wannan magana ba, domin ta fito ne daga mutumin da yake tsoron abin kunya da saɓon Allah. Abin da ya sauko da shi shi ne takardar malaman. Aka nuna masa cewa ba a neman majistare ya canza hukuncin Allah, ana neman ya tilasta abin da malamai suka riga suka faɗa, wanda mijin ya ji da kunnensa ya ƙi. Da an fara da kotu, da an rasa baffan, kuma macen da waliyyinta ya juya mata baya ba ta iya jure doguwar shari'a.

Lauyar ta nemi takardun haihuwa. Manyan biyu suna da na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ƙaramar kuwa katin asibiti kawai gare ta, sai da aka je aka yi mata. A madadin takardar aure, baffan da wani da ya halarci ɗaurin auren suka yi takardar rantsuwa. Saƙon muryar ma an shirya shi yadda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada game da hujjar da ta fito daga na'ura, ko da yake a ƙarshe ba a bukace shi ba. Lauyar ta kuma sanar da mu cewa dokar Legas ta 2007 mai kare mutane daga cin zarafi a cikin gida ba duka kaɗai ta sani ba, ta haɗa da ƙuntatawa ta hanyar hana abin masarufi, amma ta ajiye wannan makami a gefe, domin burin shi ne a samu uban da zai riƙa biya shekara da shekaru, ba wanda aka fusata har ya tattara ya bar gari ba.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tabbatar da samun mijin. Dillali ba shi da takardar albashi, la'adarsa a aljihu take shiga, kuma da ya zo kotu a zama na biyu, bayan an kai masa sammaci har rumfarsa, cewa ya yi kasuwa ta mutu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Arewa ya cinye riba. Akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma lauyar ba ta musa ba. Abin da ta yi shi ne ta jera rasit ɗin kuɗin makarantar da ya saba biya, da saƙonnin banki na kuɗin da yake turowa kafin ya ƙara aure, waɗanda suke nan a tsohuwar wayar matar, sannan ta tambaye shi ta bakin tafinta nawa yake biyan hayar gidan Ketu. Wanda ya iya biyan wannan haya a bana, in ji ta, bai kai matsayin wanda zai ce ba shi da abin ciyar da 'ya'ya uku ba.

Kotun ta sa jami'ar jin daɗin jama'a ta ziyarci inda yaran suke zaune, ta umarci uban ya kawo babban yaron a zama na gaba, ta kuma ba ɓangarorin dama su sasanta. Wannan umarni ne ya karya gardamar. Aiwatar da hukuncin kotun Legas a wata jiha yana da matakai masu tsawo, amma uban yana Legas, kasuwancinsa yana Legas, kuma ya gane cewa saɓa wa umarnin kotu ba irin tashi daga zaman masallaci ba ne. Cikin mako biyu yaron ya sauka a Agege, ya rame, ya rasa zangon karatu guda, yana riƙe da ledar ƙuli-ƙulin da kakarsa ta ba shi ya kawo wa ƙannensa. Wannan tsohuwa ba maƙiyiya ba ce, jikanta take so, kuma an kula da haka wajen rubuta sharuɗɗan.

Yarjejeniyar da aka cimma, wadda kotu ta karɓa ta mayar hukuncinta, ta ba uwa riƙon yaran uku. Uba zai riƙa ɗaukarsu a ƙarshen mako sau biyu a wata, manyan biyu za su iya yin dogon hutu a Katsina, amma an rubuta cewa za su dawo mako guda kafin a koma makaranta, kuma ba za a fitar da kowane yaro daga Legas ba sai da yardar ɗayan a rubuce. Zai riƙa tura naira 60,000 ta banki kafin 5 ga kowane wata, ya biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya ɗauki kuɗin asibiti. Da yake samun ɗan kasuwar gwari yana hawa da sauka tsakanin rani da damina, dattijon kasuwar ya kawo shawarar a ƙara da abinci, wato rabin buhun shinkafa da na masara duk wata biyu, abin da ya fi sauƙi ga mutumin da motocin Arewa ke sauke kaya a gabansa kullum. An kuma sa sharaɗin sake duba adadin duk shekara. Kuɗin bai isa ba, idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne, amma adadin da ake biya ya fi babban adadin da za a yi ta bin sa a kotu.

Abin da ta biya da abin da ta rasa

Maganar igiyar aure an koma da ita gaban malamai, a takarda dabam, kuma lauyar ta dage cewa kada a cakuɗa ta da maganar yara, don kada riƙonsu ya zama kuɗin fansa. Mijin, wanda yanzu ba shi da abin riƙewa, ya ce zai ba ta saki. Matar ce da kanta ta ƙi. Ta ce, "Malam, in ya sake ni yau, gobe ya ce ya mayar da ni, ina zan sa kaina?" Ta zaɓi khul'i, domin rabuwa ce da miji ba ya iya kome a cikinta sai da sabon ɗaurin aure da yardarta. Malaman suka tsayar da fansar a kan sadaki kaɗai, naira 50,000, suka kafa hujja da matar Sabit bin Ƙais wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki. Lefe da hidimar biki suka ce ba su shiga. Yayarta ta sayar da 'yan kunnenta aka biya a wurin, aka rubuta takarda da kwanan wata da sa hannun shaidu biyu, kowane ɓangare ya karɓi kwafi.

Wannan kuɗi ba ta cancanci biyan su ba. Ita aka cuta, kuma malaman sun faɗi haka a zaman farko. Da a gaban alƙali mai iko take, da an raba auren kyauta, an kuma bi mata bashin ciyarwar watannin da aka bar ta. Ta sayi natsuwarta ne da kuɗinta, ta kuma yafe bashin don a gama. Kayan ɗakinta da aka karɓo, katifa da kujeru ruwa ya lalata su, kwanuka da keken ɗinki ne suka tsira. Kuɗin adashin nan kuwa, lauyar ta ce akwai kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018, mai sauraren da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, amma babu rasit, babu saƙon banki, babu shaida, shi kuma cewa ya yi taimako ne ta yi wa gida. Malaman sun ce hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan mai musu, suka tambaye ta ko tana so a ba shi Alƙur'ani. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ba za ta sa uban 'ya'yanta ya rantse a kan abin da ta san ƙarya ne ba. Aka rufe maganar a nan.

Zuwa lokacin rubuta wannan nazari, kuɗin wata yana shigowa, wani lokaci a makare, musamman da damina. Sau ɗaya ya tsallake wata biyu, lauyar ta aika masa wasiƙa tana tunatar da shi cewa hukuncin kotu ne, ya biya kafin a koma gaban majistare. Yaron ya maimaita aji. Akwai kuma maganar da ke tafe, wadda yarjejeniyar ba ta taɓo ba: wani ya fito neman auren matar. A Malikiyya, idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaran ba ta tare, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta, wadda take nan Agege kuma a ɗakinta yaran suke kwana tun farko. Dokar jiha ba ta ɗauke riƙo saboda aure kaɗai, maslahar yaro take dubawa, kuma tana ɗaukar mutum yaro ne har ya kai shekara 18. Uban ya riga ya fara faɗa a kasuwa cewa ranar da ta yi aure zai kwashe 'ya'yansa. Lauyar ta ba da shawarar a koma Kotun Iyali kafin a sa ranar ɗaurin aure, a nemi a ƙara sakin layi da ke ambaton kakar wajen uwa a matsayin mai riƙo tare da ita, kuma baffan ya amince zai sake tara malaman nan uku su rubuta matsayin shari'a a kan haka kafin a shigar da takardar.